Wurin Shaƙatawa a Bakin Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Garuruwan Kano da Jigawa

Garuruwa da yawa a karkarar Kano da Jigawa a bakin ruwa suke zaune: Wudil da Ringim da Haɗeja a kan kogi, Karaye da Bagwai da Dambatta kusa da dam. Da zafin bazara ya tsananta, ko Sallah ta zo, jama'a kan yi tururuwa zuwa gaɓa, ko an tanadar musu wuri ko ba a tanada ba. Ga tambayoyin da ƙungiyoyin ci gaban gari da masu unguwanni da kansiloli suka fi yi idan aka taso da maganar gyara gaɓa ta zama wurin zaman jama'a.

Yaushe aka fara gina irin wannan wuri a ƙasar Kano?

Bakin ruwa dama can matattarar jama'a ne. Nan ake wanki, nan ake fito, nan masunta ke sauke kifi, nan dabbobi ke sha. Amma a ware wuri musamman don hutawa da kallon ruwa, wannan ya zo ne tare da manyan madatsun ruwa na zamanin Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin Jigawa na cikinta (sai 1991 aka ware ta).

A 1970 aka samu dam ɗin Bagauda, aka gina masa otal a bakin ruwa. Daga 1971 zuwa 1974 aka gina Tiga a kan Kogin Kano. Faɗin ruwan Tiga ya kai kimanin murabba'in kilomita 178, kuma an gina shi ne ya riƙe ruwa kusan mita mai siffar sukari biliyan biyu. Shi ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. A can ma an gina otal a kan dutse, Rock Castle, mai kallon ruwan. Dam ɗin Challawa da ke Karaye ya zo daga baya, a 1992. Noma da ruwan sha su ne asalin dalilin waɗannan ayyuka, shaƙatawa ta biyo baya ne kamar ƙarin gyaɗa a miya.

To me ya sa ba su zama wurin zuwan kowa ba har yau?

Dalili biyu ne, kuma duka suna da amfani ga duk garin da ke shirin yin nasa.

Na farko ruwa ne da kansa. A watan Agustan 1988, bayan mamakon ruwan sama, dam ɗin Bagauda ya ɓalle, ya yi ɓarna a ƙauyuka da gonakin da ke ƙasansa. Duk abin da aka gina don ruwa, ƙaddararsa a ɗaure take da ta ruwan. Gine-ginen otal ɗin yanzu su ne reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wato sun samu amfani, amma ba wanda aka gina su dominsa ba.

Na biyu shi ne wa aka gina wa. An yi waɗancan otal-otal ne don baƙi masu mota daga birni da ƙasashen waje, ana kula da su da kuɗin gwamnati. Mutumin ƙauyen da ke kusa ba shi da abin yi a ciki sai gadi ko shara. Da baƙi suka ragu, kuɗin gyara ya tsaya, babu wanda yake ganin wurin nasa ne balle ya ɗauki tsintsiya. A ganinmu, fili mai inuwa da benci da banɗaki mai tsabta, wanda mutanen gari ke zuwa da ƙafa kowace yamma, ya fi daɗewa a kan katafaren gini mai jiran baƙo.

Ƙasar bakin ruwa ta wace ce, kuma wa ake neman izini wurinsa?

A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe ta. Amma gaɓar dam daban take. Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta gwamnatin tarayya, ƙananan madatsu da dama kuwa na jiha ne. Mai dam shi ya san iyakar filin da aka biya diyyarsa da kuma inda ruwa ke kaiwa in ya cika, don haka a samu amincewarsa a rubuce kafin a kafa ko turke ɗaya.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. A zauna da dagaci da mai unguwa, da Sarkin Ruwa, da ardon Fulanin yankin, da masu noman rani. A bi gaɓar da ƙafa tare da su a nuna burtali da mashaya da mashigin jirgi da wurin wanki. Wurin da aka kewaye ya toshe wa shanu hanyar ruwa, shingensa ba zai kwana bakwai ba, kuma laifin ba na makiyayi ba ne.

Ta yaya za a san inda ya dace a yi gini da inda bai dace ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Kuskuren da aka saba yi shi ne a je duba fili a watan Maris, ruwa ya ja baya, ƙasa a bushe, a ce ga wuri mai kyau. Ruwan dam yana hawa ne har Satumba ko Oktoba, sannan ya yi ta sauka zuwa Afrilu da Mayu saboda ban ruwa da zafin rana. A wuri mai shimfiɗe, tsakanin bakin ruwan kaka da na bazara kan kai ɗaruruwan mita. Kogin da ke ƙasan dam kuma yana iya cika ko da ba a yi ruwan sama a garin ba, in an saki ruwa daga sama.

Ga yadda ake yi. A nemo dattawa da masunta su nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa mafi nisa. A garuruwan Kogin Haɗeja, ambaliyar 2022 ma'auni ce mai kyau, don har yanzu mutane na iya nuna shaidarta a jikin katanga da bishiya. A kafa turken ƙarfe a wannan wuri a shafa masa jan fenti. Sai birkila ya ɗauki siririn tiyo mai ruwa, irin wanda yake daidaita gini da shi, ya bi da wannan tsayin a duk tsawon gaɓar, yana kafa turke kowane mita 20. A ƙara mita ɗaya na tsayi a kan layin. Daga nan fili ya kasu uku:

Can ƙasa, inda ruwa ke hawa kowace shekara: ciyawa kawai da matakala. Ba gini, ba benci, ba fitila.

Tsakanin ruwan kowace shekara da jan turke: bishiyoyi masu jure ruwa, da rumfunan zana da ake iya kwancewa, da benci na kankare wanda ko ruwa ya rufe shi kwana goma ba abin da zai same shi.

Saman layi: banɗaki, wurin salla, shaguna, ɗakin mai gadi, da duk abin da ke da waya ko batir.

Idan filin da ke saman layi bai isa ba, a sake wuri. Yin jinga don kare gini a cikin hanyar ruwa tura ruwan ne zuwa gonar maƙwabci, kuma jingar da ba a bi ta kowace shekara ana toshe ramin ɓera da gara, ranar da aka fi buƙatarta take ɓallewa.

Gaɓarmu tana zaizayewa. Katangar siminti ce magani?

Galibi a'a. Katangar bulo a tsaye tana faɗuwa ne ta hanya biyu: ruwa ya ƙwaƙule ƙarƙashinta, ko kuma ruwan da ya jiƙa ƙasar bayanta ya rasa mafita in kogi ya sauka, ya turo ta gaba. Abin da ya fi shi ne a kwantar da gaɓar, kowane mita ɗaya na tsayi a ba shi mita uku na kwanciya, sannan a dasa jema a jere tana bin kwancin ƙasa. Tazarar tushe da tushe santimita 10 zuwa 15, tazarar layi da layi kimanin mita ɗaya. Saiwar jema tana nutsawa ƙasa sosai, tana jure nutsewa a ruwa da kuma fari. A tsakanin layukan a sa kirikiri, ita ce ke jure taku.

Inda ruwa ke bugun gaɓa da ƙarfi, kamar bayan kwana, sai an haɗa da dutse. A fara shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 15, sannan a jera manyan duwatsu a kai, ko a cika kwandunan waya da dutse a ɗaure su da juna. Dutsen da aka zuba kai tsaye a kan yashi nutsewa yake yi, domin ruwa na zuƙe yashin ta ƙofofin da ke tsakaninsa. Layin farko na ƙasa a binne shi aƙalla rabin mita.

Matakalar sauka ruwa: tsayin kowace santimita 15, faɗinta 30 zuwa 35. Kwaɓin kankare buhu ɗaya na siminti, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai. Kada a goge fuskarta ta yi sumul. A ja tsintsiya a kai tun kankaren na ɗanye, in ba haka ba gansakuka za ta mai da ita santsi kamar sabulu.

Waɗanne bishiyoyi za a dasa?

Inuwa ita ce rabin wurin. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, kuma babu mai zama a bencin da rana ta gasa.

Kusa da ruwa, ɓaure da kanya da giginya ba sa tsoron jiƙa. A sama kuwa darbejiya ta fi saurin ba da inuwa, maɗaci da tsamiya sun fi daɗewa amma sai an yi haƙuri. Ceɗiya da durumi da reshe ake dasa su, a sari reshe mai tsawon mita biyu a kafa da farkon damina, sai dai a nisanta su da gini da banɗaki aƙalla mita 10, don saiwarsu na fasa kankare. Gawo na da daɗin sha'ani, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa, amma yana da ƙaya kuma 'ya'yansa na kiran awaki. Mangwaro ana sonsa, amma duk wanda ya sa benci a ƙarƙashinsa ya shirya karɓar jifan yara. Bishiyar turare ba ta da inuwar kirki, ga shan ruwa, ga hana ciyawa fitowa a gindinta.

Rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi. A gauraya ƙasar sama da taki ruɓaɓɓe, ba ɗanye ba, don ɗanyen taki na ƙona saiwa yana kuma jawo gara. Tazara mita 8 zuwa 10. A dasa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, bayan ruwa ya zauna. Dashe ba ya mutuwa da damina. A ranin farko yake mutuwa, da ƙishi da bakin akuya. Kowane dashe na buƙatar jarka ɗaya ta lita 20 sau biyu a mako daga Nuwamba zuwa Mayu, har rani biyu, da kariya ta ƙaya ko bulo mai ƙofofi da ta kai ƙirjin mutum. Saboda haka a ƙidaya dashen da mai ban ruwa zai iya ɗauka, a dasa wannan adadin. Hamsin da suka rayu sun fi ɗari biyar da aka ɗauki hotonsu ranar biki.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: dasa bishiya a jikin bangon dam na ƙasa. Saiwar da ta ruɓe tana barin hanya, ruwa ya bi, hanyar ta yi ta faɗi.

Ina za a sa banɗaki?

Saman jan layi, aƙalla mita 30 daga bakin ruwa da kowace rijiya, kuma gindin ramin ya kasance mita biyu sama da inda ruwan ƙasa ke tsayawa da damina. In ruwan ƙasa na kusa, a ɗaga ginin sama a kan tudun da aka cika maimakon a zurfafa rami. Na mata daban, ƙofarsa ba ta kallon ta maza, da wurin alwala mai magudana zuwa ramin tsakuwa. A gina shi kafin a buɗe wurin, ba bayan an buɗe ba.

Za a bar yara su yi wanka?

Akwai haɗari biyu, ɗaya na gaggawa, ɗaya mai zuwa a hankali.

Na hankali shi ne tsargiya, ciwon fitsarin jini. Mai ciwon in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar na ƙyanƙyashewa ya shiga dodon koɗi ƙanana da ke maƙale a ciyayin ruwa mara gudu. Daga jikinsu tsutsar ke fitowa ta huda fatar wanda ya shiga. Ba sai an sha ruwan ba, tsayuwa a ciki ta isa. Shi ya sa banɗaki da cire kacala da kainuwa daga gaban wurin suke cikin aikin lafiya, ba na ado kaɗai ba. Yaron da aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai maganin da ake kira farazikwantel, wanda ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsayin yaro. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka.

Na gaggawa shi ne nutsewa. Wuraren da suka fi cin mutane su ne ramukan da masu ɗibar yashi suka bari a cikin kogi, da kusa da ƙofar sakin ruwa da mafitar rarar ruwan dam, da tsohon kwarin kogi da dam ya rufe, inda mutum na tafiya ruwa iya gwiwa sai kawai ƙasa ta ƙare. In gari ya ga ba zai iya hana wanka ba, gara ya killace wuri ɗaya. Masunta su auna shi da gora, zurfinsa kada ya wuce ƙugun yaro, a kewaye da igiya mai jarkoki, a sake aunawa duk wata domin ruwa na sauka, ƙasan ma na sauyawa. A kafa turaku biyu ko uku a gaɓa, kowanne da gora mai tsawon mita 5 da jarka rufaffiya wadda ba komai a ciki, ɗaure da igiya mita 20. Wanda bai iya ceto ba ya miƙa gora ko ya jefa jarka, kada ya faɗa. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa saboda ɗan'uwa ya bi ɗan'uwa.

Wanda aka fitar ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko matsa cikinsa don fitar da ruwa. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba har a samu taimako. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti. Ma'aikacin lafiya na garin ya koya wa masu gadi da masunta wannan a aikace.

Yawon jirgi fa, tunda shi ke kawo kuɗi?

Yana kawowa, kuma shi ne ya fi saurin jawo makoki. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai da fasinjojin da suka taso daga Badau, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Lodi ya wuce ƙima.

Ƙa'idojin ba su da yawa. A rubuta adadin mutanen da jirgi ke ɗauka da fenti a jikinsa, yaro a ƙidaya shi mutum guda. Kowa da rigar kariya daidai jikinsa, a ɗaure, don ta babba zamewa take yi daga jikin yaro. Mai karɓar kuɗi da mai ƙidaya fasinja kada su zama mutum ɗaya. Ba tashi bayan magariba, ba tashi in hadari ya haɗo. Sarkin Ruwa ko wakilinsa ya duba jirgi kafin Sallah, a kuma yi rajista da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa.

Me zai kawo mutane in ba Sallah ba?

Mai shayi da mai kifi da mai rake, da wurin salla, da sashen da mata da yara za su zauna ba tare da samari sun dame su ba. Fitila mai aiki da hasken rana na taimakawa, amma a ɗaga batirinta sama a yi masa walda, a kuma nisanta ta da benci don tana tara ƙwari. Garuruwan da ke kusa da fadamar Haɗeja suna da ƙarin abin nunawa. Dajin Baturiya da ke Kirikasamma ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsuntsaye na zuwa daga Turai su yi hunturu a can. Makarantu kan so kai ɗalibai irin wannan wuri in akwai inuwa da banɗaki da wanda zai yi musu bayani.

Wa zai riƙe wurin, kuma da wane kuɗi?

Kwamiti ƙarami, da wakilin dagaci da na masunta da na 'yan kasuwa da mace aƙalla ɗaya. Shiga kyauta a ranakun yau da kullum ya fi, don mutanen gari su saba da wurin. Kuɗi ya fito daga hayar rumfuna, da kason jirgi, da ajiye babura, da tikitin ranakun Sallah. A buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, a liƙa abin da ya shiga da abin da ya fita a bakin ƙofa duk wata. Albashin mai gadi da mai ban ruwa da mai wanke banɗaki shi ake fara cirewa, kafin fenti, kafin allon suna.

Wane aiki ake yi a wane lokaci?

Satumba da Oktoba, ruwa na kan ganiyarsa: a zaga a duba turaku, in ruwa ya wuce jan layi a matsar da layin. Nuwamba zuwa Janairu: gyaran gaɓa da matakala da aikin dutse, tunda ruwa ya fara ja. A wannan lokaci ne kuma ake share ciyawa mita uku a kewayen dashe saboda gobarar daji. Fabrairu zuwa Mayu: ban ruwa, da sare kacala daga ƙarƙashin ruwa don kada ta sake tohowa da wuri, da sake auna wurin wanka. Kafin ruwan farko a yashe magudanai, a kwashe leda da ledar fiya wata, a kwance rumfunan da ke ƙasan layi. Yuni da Yuli dashe da maye gurbin waɗanda suka mutu. Agusta a rufe matakala da igiya, a ɗaure jirage, mai gadi ya riƙe lambar wayar ma'aikatan dam don ya ji labarin sakin ruwa kafin ruwan ya iso.